Guntun Cibiyar Da Ba A Binne Ba

Assalamu alaikum Anti, da masu karatu. Ki sakaya sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk rainin da za ku yi mini, na riga ku yi wa kaina.

Ina aure a Shango, nan Minna. Mijina yana da ƙanwa, bari in kira ta Ladidi, tana karatun digiri na uku. A ɗakin bincikensu suna ɗaukar ƙwayoyin halitta waɗanda ba su riga sun zama komai ba, su yi ta renonsu har su zama sababbin jijiyoyin jini, don wata rana a ceci masu ciwon suga daga yankan ƙafa. Ni kuwa haka aka yanke wa babana tasa, ina tsaye a bakin ƙofa. Da ina da ciki sai ta roƙe mu guntun igiyar cibiya, ta ce irin ƙwayoyin suna ciki. Mijina ya kwashe da dariya ya ce, "Ke da ko tattasai ba ki iya shukawa, jijiya za ki shuka? Boko ya haukata ki." Ya ce bai yarda ba. Amma a asibiti na sa hannu a takarda a ɓoye, aka yankar mata kamar tsawon yatsa biyu.

Abin da na manta shi ne, a dangin mijina, Goggo, yayar surukina da ke zuwa daga Bida, ita ke wanke mabiyiya kafin a binne, kuma sai ta auna igiyar da tafin hannunta. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce, "An taɓa wannan." Nan take kowa ya juya kan Ladidi. Wai ta sata ta kai wa matsafa! Mutanen da ko sau ɗaya ba su tambaye ta mene ne aikinta ba, yau su ne masana. Har da wan mijina, mai zuwa gidanta ta auna masa suga kyauta.

To ni fa? Ni mai tashi sallar nafila? Don kar a zarge ni, na fi kowa zaƙewa. Ranar suna, a gaban mata, na ce, "A ɓoye yara, ga mai shukar jijiya nan." Aka yi shewa. Ta dube ni kawai ta ce, "Allah ya raya, matar Yaya," ta ajiye turmin atamfa ta fita. Wata biyar ke nan, Hajiya, uwar mijina, ta hana ta shiga gida, kuma ba ta tona ni ba.

Jiya ta turo mini hoto: wasu siraran zare sun yi rassa kamar saiwar albasa. Ta rubuta, "Sun fara fitowa. Na gode." Godiya, wai ni!

Idan na faɗa, mijina ya rantse duk mai hannu a ciki sun rabu har abada. Idan na yi shiru, kullum in ɗaga goshi daga sujada da ƙazafi a wuyana. Ranar Juma'a za a yi zaman dangi, Goggo ta ce sai Ladidi ta dafa Alƙur'ani cewa ita kaɗai ta aikata. Na san ba za ta rantse a kan ƙarya ba.

Jama'a, me zan yi?