Idon Na-Kurmi da Tarina

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya take yi wa uba, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Ƙannena duk lafiya. Akunka ma yana nan lafiya, na san shi za ka fara tambaya, shi ya sa ban bari ka jira ba.

Baba, yau dai zan yi maganar da ban iya yi ba kana raye. Masu karantawa su yi mini uzuri, mace mai jikoki ce za ta zauna tana kishi da tsuntsu. Eh, kishi nake yi, kuma na daɗe ina yi.

Ka tuna gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, a shekarun nan na bayan yaƙin basasa, lokacin da in mutum ya tsaya a ƙofar gida gonaki yake hange har wajen Tarauni? Ciki da falo ne, katangar tsakiya ba ta kai rufi ba, labule ne a ƙofar. Kai a falo, ni da Inna a ciki. Da a ƙauye muke, da tuni an miƙa ni wurin kaka kamar yadda ake yi wa 'yar fari. To ku baƙi ne a birni, babu dangi kusa, sai na zauna a gabanku kuna jin kunyata.

Ita Inna takan saci jiki ta rungume ni in babu kowa. Kai kuwa ka riƙe al'adar nan gam. Ba ka ɗaukata, ba ka wasa da ni, ba ka kiran sunana. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". In ka dawo daga Kurmi da tsaraba, Inna kake miƙa wa ka ce, "A ba ta." Ina tsaye a gabanka fa, Baba.

Sai ga shi wata tafiya ka sauko daga babbar motarka da keji a hannu. Aku ne, toka-toka, jelarsa ja wur. Ranar da ya shigo gidan ka raɗa masa suna, Na-Kurmi. Tun daga ranar babu sunan da ya kai shi yawo a bakinka. "Na-Kurmi, ka ci?" "Na-Kurmi, yaya gida?" "Kai Na-Kurmi, ba ka da kirki!" Ina bayan labule ina ji.

Kai kake ɓare masa gyaɗa da hannunka. Kai kake fere masa rake, ka yanka ƙanana. In gwaiba ta nuna, tasa ake fara cirewa. Ya hau kafaɗarka, ya ja maka kunne, ya sa baki a gemunka, kai kuma ka yi ta dariya har haƙoranka na gefe su fito. Wallahi ban san kana da dariya irin wannan ba sai da aka kawo tsuntsu gidan.

Ga kuma tabarka. In ka dawo daga tafiya, bayan la'asar, ka kishingiɗa a falo, kejin yana rataye daidai kanka, ka kunna taba, kafin ta mutu ka kunna wata da wutarta. Da damina a rufe taga saboda feshi. Hayaƙin ya taru a sama, ya lulluɓe kejin, ya tsallake katanga ya sauko mana ciki. Zanin Inna warin taba, allona warin taba, har tuwon da aka rufe da faifai sai ka ji shi.

A nan na samo tarina. Tari ne mai shaƙewa, in ya taso sai ƙirjina ya riƙa fito, idona ya yi ja, in dafa bango ina neman numfashi. Inna ta ba ni zuma, ta ba ni citta, ta goya ni zuwa asibiti duk da na wuce goyo. Can aka ce mata a raba ni da hayaƙi. Ta dawo ta faɗa maka cikin kara, murya ƙasa-ƙasa. Amsarka tana kunnena har yau: "Hayaƙin murhunki fa, shi turare ne?" Ka kunna wata.

Damina biyu ina wannan tarin. Ba ka taɓa ɗaga labule ka ce sannu ba.

Rannan sai idon Na-Kurmi ya fara ruwa. Na hagu ne ya fara, fatar ta kumbura, gefen ya yi ja, kwantsa ta taru. Ya riƙa lumshe shi, yana goga fuska a sandar keji, yana atishawa, gashin gefen idon ya jiƙe ya manne. Kafin mako ya zagayo na dama ma ya kama. Ya daina surutu, ya takure, sai dai lokaci-lokaci ya yi wani tari.

Tab! Ranar na ga tashin hankali. Kai da ba ka fasa tafiya ko ana ruwan ƙanƙara, ka ce wa mai mota ya nemi wani direban. Ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi kana goge masa ido, kana cewa, "Sannu Na-Kurmi, sannu ɗan'uwa." Maƙwabta suka yi ta kawo shawara. Iya Mai Koko ta ce a sa masa kwalli. Wani ya ce kambun baka ne, a yi masa turare, aka ƙara wa ɗakin wani hayaƙin a kan na da. Ni kuwa ina ciki ina tari, ina ƙirga sannun da ake yi wa tsuntsu har na gaji na bari.

Ban taɓa cutar da shi ba, Allah shaida. Amma nakan tsaya gaban kejin in ba ka nan, in dube shi da kumburarren idonsa, in ce a raina: kai da me ka fi ni? Ni ma idona ja yake.

Da abin ya ƙi, ka rufe kejin da mayafin Inna, ka ɗaure a bayan keke, ka nufi wajen wani likitan dabbobi da aka kwatanta maka ta titin gidan zu. Ni a bayan Inna na je asibiti, ita kaɗai, a ƙasa. Shi a keke, kai da kanka.

Ka dawo wajen azahar fuskarka wani iri. Ka ce wa Inna likita ya ce taba ce. Wai idon tsuntsu da huhunsa ba su da ƙwarin na mutum, hayaƙin da mutum zai sha ya tashi ya tafi, shi yana iya kashe shi. Wai ba wanda yake shaƙa kaɗai ba, har wanda yake kwanta masa a gashi ya bi da baki yana gyarawa, da wanda yake manne a yatsun mai ba shi gyaɗa. Ya hana kwalli, ya hana turare, ya ba da maganin ɗigawa, ya ce a fitar da kejin inda iska take.

Kana gama faɗa ka shiga falo, ka kwaso kwalayen tabar da ka saro daga Kurmi, ka nufi bayan gida ka zuba su a masai. Ka buɗe taga. Ka sa aka wanke labule, aka shanya katifa, aka yi wa bango farar ƙasa. Daga ranar ba ka ƙara sa karan taba a bakinka ba har ka koma ga Allah. Goro da asuwaki suka gaje ta. Na ga yadda a makonnin farko kake faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba, amma ba ka koma ba.

Idon Na-Kurmi ya washe. Ni ma tarina ya yi sauƙi, ya yi sauƙi, har ya tafi. Unguwa ta ɗauka: Sule Direba, wanda aku ya raba da taba. Abokanka na tasha suna tsokanarka, kana dariya kana cewa, "To ya zan yi, idon ɗan'uwana ne." In Inna ta tafi da ni kasuwar Tarauni, mata su dafa kaina su ce, "Ayya, kin ci albarkacin aku, yarinya."

Albarkacin aku! Baba, ka san nauyin wannan maganar a zuciyar yarinya? Da ita na girma. Da ita aka kai ni ɗakin miji a Unguwar Gano. Duk numfashin da na ja lafiya lau, sai in tuna ba don ni aka buɗe tagar ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da kai, ka yi wa kowa wasiyya da sunansa. Da aka zo kaina ka ce, "Na-Kurmi, a ba yarinyar nan." Har a nan ma shi ne mai suna. Na karɓe shi don ba a ƙin wasiyya, ba don ina so ba.

Bayan Inna ta fita takaba ta zo mini kwana biyu. Muna zaune a tsakar gida da hantsi muna tsince shinkafa, sai Na-Kurmi ya yi tarin nan nasa da ya saba tun ina yarinya. Na ce ikon Allah, tsohon ciwonsa har yau bai sake shi ba. Inna ta ajiye faranti ta dube ni, ta ce, "Wai ke har yanzu ba ki gane tarin wane ne ba?"

Sai ta ba ni sauran labarin, wanda ka hana ta faɗa. Ashe Na-Kurmi ya yi wannan tarin a gaban likitan, ka ce a duba maka shi ma. Likitan ya saurara ya ce ido dai ciwo ne, amma wannan ba tarin tsuntsu ba ne, kwaikwayo yake yi. Ya ce maka, "Malam, wane yaro ne yake tari haka a gidanka?" Inna ta ce da ka dawo, bayan ka zubar da tabar, ka zauna a bakin gado ka rufe fuska da hula, ka ce mata, "Ashe haka take ji? Kada ki gaya wa kowa. A bar shi a kan tsuntsun."

Na yi kuka ranar, Baba, kukan da ban yi ba ranar jana'izarka. Ashe don ni ne. Ashe kunya ce ta sa ka ɓuya a bayan keji shekara da shekaru, ka yarda tasha ta yi maka dariya, da dai a ce Sule ya nuna son 'yar fari.

Amma kada ka ɗauka kishin ya tafi. Damina biyu ina tari a bayan labule, taku kaɗan tsakaninmu, ba ka ji ba sai da ya fito daga bakin Na-Kurmi. Shi ya hau kafaɗarka. Shi ya san ƙamshin gemunka. Yanzu ma muryarka tana wurinsa, ba wurina ba. Da safe sai in ji ka a tsakar gidana, sak, kana cewa, "Na-Kurmi, ka ci?" Sai in saki abin da ke hannuna.

Ba na bari a kunna ko turaren wuta kusa da shi. Mai gidana ya san baƙon da zai sha taba, waje zai yi. Ni nake ɓare masa gyaɗa yanzu, ni nake duba idonsa kowace safiya. Jikokina suna cewa Hajiya ta fi son aku a kansu. Nakan yi dariya, in jawo su jikina in kira kowa da sunansa, har ta farin.

Wani abu kuma nake yi, in gidan ba kowa. Nakan ja kujera gaban kejin in yi ta faɗa masa sunana, ko Allah zai sa ya maimaita da muryarka. Ya koya, Baba. Amma da muryata yake faɗa.

Inna ta ce sau ɗaya ka taɓa furta shi. Ranar da aka haife ni babu wani babba a kusa, kai ka karɓe ni ka yi mini huɗuba, ka raɗa mini shi a kunne. Ni kuwa lokacin ba ni da wayon da zan riƙe.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanya maka iskar Aljanna a ciki. Yadda ka bar abin da kake so don in yi numfashi, Allah Ya sa shi a mizaninka. Ya haɗa mu a gidan da babu kunya tsakanin uba da 'yarsa. In mun haɗu, ba na son tsaraba, ba na son a ce a ba ta. Ka dube ni kawai ka kira ni.

Wassalam.

'Yarka ta fari,
Rakiya