Geron Arzika Ya Fito Busasshe

Litinin, 8 ga Maris, 1954
Rumbun Yusha'u ya ƙone ƙurmus. Dagacin Karakkai ya aiko in zo da geron gwaji, aikin da na gada wurin Baba: wanda ake zargi ya tauna ya tofar, in ya fito busasshe, maƙaryaci ne. Mutum huɗu suka tauna. Na Arzika makiyayi kaɗai ya fito busasshe kamar gari. Sai "Wallahi ba ni na ba" yake yi.

Alhamis, 11 ga Maris
An kore shi daga gari, shi da Rakiya matarsa da shanunsu. Sun nufi Mada. Na ci tuwona lafiya lau.

Asabar, 20 ga Maris
Inna Jummai, uwar Yusha'u, ta same ni a zaure. "Ni ta, Malam. Garwashi nis sa ƙarƙashin rumbu don gara." Ita ma fa ta tauna ran nan, yawu har haɓa! Na ce yaya aka yi? Wai ita ba ta taɓa jin tsoron gero ba.

Lahadi
Na rufe ƙofa, na tauna, na ce ni ne Sarkin Makka. Jiƙaƙƙe sharkaf. Shekara sha tara ina wannan aiki. Mutum nawa ke nan na zalunta?

Laraba, 24 ga Maris
Na gaya wa dagaci. Ya ce in rufe bakina. In gero ya faɗi, da me za a riƙe gari? A gabansa bakina ya bushe ƙamas, kuma gaskiya nake faɗa.

Talata, 6 ga Afrilu
Na taka har Mada. Arzika ya rame, ba mai sayen nonon Rakiya. Na ce masa ba shi ne ba. Sai ya ce, "Gero bai ƙarya, Malam. Wataƙila ni na, na mance." Na rantse masa, bai yarda ba. Kunya ta kashe ni.

Juma'a, 16 ga Afrilu
An sace akuya, mutum uku suka tauna. Duk jiƙaƙƙe, ba a kama kowa ba. Geron ya wuni a gindin randa yana shan danshi, ba a rufe ba. Mantuwa ce dai. Gobe ma can zan ajiye shi.