Rago Ya Shiga Bariki, Mai Rago Yana Waje

Zuwa ga Mai Girma Joji, Baturen rangadi na ƙasar Isa da Sabon Birni.

Gaisuwa da ladabi da biyayya, ranka shi daɗe. Bayan haka, ni ne Malam Bawa na Tsamaye, wanda ya zo na ɗaya a ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya riƙa mini alƙalami. Na aika ta jarida domin masinjanka ya ƙi karɓa.

Na farko. Da damina ruwa ya tare ka a garinmu, ka fake a zaurenmu. Mahaifina ya tashi daga kan buzunsa ya ba ka, ka sha furarmu, ka yi musafaha da shi.

Na biyu. A wurinmu, wanda ya tako zaurenka wajibi ne ka taka nasa. Tsoho ya yi shakka, amma ni na tabbatar masa gaban dattawa cewa wanda ɗansa ya iya boko ba a tsai da shi a ƙofa. Bayan kaka ya sa rigarsa ta Idi, muka jawo rago har Isa.

Na uku. A bakin shingen bariki masinja ya ce baƙar fata ba ya bin ƙofar gaba, sai dai mu zagaya bayan kicin mu durƙusa. Na nuna takardar shaidata, ko dubawa bai yi ba. Ya karɓi igiyar rago, ya shige da shi ta ƙofar da aka hana mu. Ranar kasuwa ce, mutanen Kurawa, maƙwabtan garinmu, na wucewa suna kallo. Tsoho ya tsaya cikin rana har azahar, ba wanda ya miƙo masa ruwa.

Tun ranar bai sake zama zaure ba, bai kuma ce da ni kome ba. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ni kaina yanzu ta bayan gari nake zuwa masallaci.

Roƙona, ranka shi daɗe, a kau da wannan doka, ka karɓi mahaifina ta ƙofar gaba, ni da kaina za ni kawo shi. In hakan ba ta yiwuwa, a maido mana ragonmu in yana da rai, mu kiwata shi da daraja, tunda shi kaɗai ne a gidanmu aka ga ya cancanci shiga.

Allah shi ƙara maka lafiya da adalci, shi sa ka sami ƙofa buɗe duk inda ruwa ya tare ka.

Wassalam.

Malam Bawa, Tsamaye.