Laka a Injin Yagana

Gashuwa, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗan kawuna Babayo,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen Nguru? Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Magana ce ta rufin asiri, shi ya sa na ba direba takarda, ban kira ba. Shagonka na jikin gidan su Yagana matar Yaya Kyari, ga ta can tana wankan jego. Ka san injin wanke-wanken da ta zo da shi cikin kayan ɗakinta, wanda mahaifiyarmu Hajja ta bi dangi tana cewa sai ragwaye ke ba inji kwano? To, tun da Hajja ta dawo tsaron gidan Yaya, kullum ya fita aiki sai ta cika injin ta kunna, ta ja kujera tana saurare.

Jiya ya tsaya a tsakiyar aiki. Sai kuka yake ƙit-ƙit, ruwa kwance a cikinsa ya ƙi fita. Yagana za ta dawo ranar Juma'a. Hajja ta ce in surukarta ta gane, Jakusko za ta ƙaura. Kai da ke gyaran firij, me zan yi?

Naka,
Modu

Nguru, Litinin

Modu sarkin haƙuri,

Wa alaikumus salam. Na yi dariya har mai shayi ya leƙo. Gwaggo da inji! Ashe tana cikin ragwayen.

Cire shi daga wuta tukuna, kada ka soyu. Kwashe ruwan da kofi. Duba tiyon baya, ko ya lanƙwashe. A ƙasan cikinsa akwai matata mai tace datti, murɗa ta hagu za ta fito. Ƙarƙashinta akwai 'yar fanka mai tura ruwa, taɓa ka ji ko tana juyawa. Ka faɗa mini abin da ka gani. Ka ce wa Gwaggo bakina a rufe yake, amma busasshen kifin Gashuwa na ƙara rufe shi.

Babayo

Gashuwa, Laraba

Babayo, ina gaisuwa.

Tiyo lafiya lau. Matatar kuwa da ƙyar ta fito, ta toshe da wani abu baƙi mai danƙo. Na ɗauka tuwo ne. Da na murza a yatsa sai na ji yashi-yashi, na shinshina, ƙanshin bakin kogi.

Ban tambayi Hajja ba, don ba za ta faɗa ba. Zama na yi a tsakar gida ina gyaran keke ina kallonta. Ta ƙi girki da gas, murhu ta haɗa a bayan kicin. Kafin ta ɗora tukunya sai ta shafe gindinta da laka, yadda ake yi don kada baƙi ya kama. To da lakar da tokar take zura tukunyar a inji!

Na ce, "Hajja, lakar nan ce." Ta ce, "Kai, rufe mini baki. Ba wanki ne aikinsa ba?" Amma ita ta riƙe mini tocila ina sakace fankar da tsinken tsintsiya, tana ta salati. Na wanke matatar, na mayar, na kunna. Da ruwan ya zubo a kwata, sai da ta yi guɗa, sannan ta waiga ko maƙwabta sun ji.

Ga kifinka nan wurin direba.

Naka,
Modu

Gashuwa, Asabar

Babayo,

Yagana ta iso lafiya da jariri. Mun goge inji, mun rushe murhu, mun share wurin tas. Abu ɗaya muka manta: kwanon cin tuwon Hajja yana ciki, sai ƙyalli yake.

Ina gani Yagana ta buɗe, ta gan shi, ta rufe. Da yamma ta zubo tuwo a cikinsa, ta durƙusa ta ajiye gaban Hajja.

Hajja ta daɗe tana kallon kwanon. Can ta ce, "Yagana, gobe in za ki kunna abin nan naki, ki haɗa da butar shayina."

Yagana ta ce, "To, Hajja."

A gaida Kawu.

Modu