Mma Ta Tashi Lafiya

Gbalahi, Tamale
20 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Zuhuratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya Kumasi, yaya kasuwa? An yi sallah lafiya? Mu nan sai godiya, in ban da zafin nan da kika sani.

Na san za ki yi dariya. Mutumin da ya shekara bakwai a Turai yana karatun kwamfuta, ga shi ya ba direban mota wasiƙar hannu. Yi dariyarki. A waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni kuwa ina da magana.

Saƙon nan da ya fara shigo miki kowace safiya, wanda ke cewa "Mma ta tashi lafiya", ba na 'yan damfara ba ne, aikin ƙaninki ne. Shekara biyu ke nan ina gina shi a jami'a. Wasu 'yan na'urori ne guda uku, kowace ba ta wuce kwalin ashana ba. Na liƙa ɗaya a ƙofar ɗakin Mma, ɗaya a famfon tsakar gida, ɗaya a jikin rediyon marigayi Baba. In ta buɗe ƙofa, ta tari ruwa, ta kunna rediyo kafin bakwai, labari zai je shafin intanet da na gina, shi kuma ya turo mana koren saƙo, ni da ke. In ɗaya ya ɓace sai ja ya zo, in hau babur. Gida goma sha biyu nake gwaji a kai, duk na tsofaffin da 'ya'yansu suka watse. Namu na Zogbeli shi ne lamba ɗaya.

Mma ta tambaye ni ko abin yana ganin ta in tana wanka. Na rantse mata ba ya da ido. Sai ta sa na jero mata abubuwan ukun da yake jira, na jero, ta ce in sake, na sake. Har daɗi na ji, don ita kaɗai ce a garin nan ta taɓa sa ni maimaita bayanin aikina. Sauran dangi kuwa, har gobe ni mai gyaran waya ne a wurinsu.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, zaman nan da kaɗaici. Waɗanda muka yi makarantar allo da su duk sun zama magidanta, in na zauna cikinsu hira sai ta mutu. Tuwon zafi nake saya a leda in ci a gaban kwamfuta. Gaisuwar safe da Baba ya ɗora mu a kai, a je a durƙusa a ƙofar Mma kafin a kama harkar duniya, na riƙe ta tun dawowata. Amma daga Gbalahi zuwa Zogbeli, ga 'yan keken haya na yalo-yalo sun cika titi, rabin safiya ke tafiya. Yanzu da na'ura ke gaya mini lafiyarta, na mayar da zuwan Juma'a-Juma'a. Na gaya mata, ta ce to, Allah ya yi albarka.

Ki gaida Alhaji da kyau. Ki ce wa ɗanki Yazeed in ya ci jarrabawa akwai labari.

Ƙaninki,
Abdul-Manan


Gbalahi, Tamale
20 ga Yuli

Yaya Zuhuratu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Yaya gida, yaya damina? Ina fatan ciwon bayan nan ya sake ki.

Na ji faɗanki a waya, na kuma haɗiye. Gaskiya ne, tun babbar sallah ban taka Zogbeli ba. Amma ki saurare ni. An karɓi takardar bincikena a wani babban taron masana da za a yi a watan Oktoba, sun ba ni mako shida in gyara in mayar. Wannan ce irin ƙofar da nake ƙwanƙwasawa tun ina ɗalibi. Ga dumso, ɗauke wutar lantarkin nan, ya sa mu gaba, in wuta ta zo dole in zauna a kanta har ta tafi.

Kuma ba a duhu nake ba. Kullum kore ke zuwa, ke ma shaida ce. Gidajen wasu sai haushi: wani tsoho a Dabokpa ya cire na'urar ƙofa ya adana a cikin kwano don kada ta lalace, wata kuma jikokinta sun mayar da famfo abin wasa. Gida mai lamba ɗaya kuwa, tsaf. Kwana goma sha takwas a jere, ƙofa shida da minti goma, famfo bayan minti biyu, rediyo bayan minti ɗaya. Da can lokacin yana yawo da asuba, yanzu ya tsaya cak. Ina jin sanyin damina ne ke sa ta yin alwala a ɗaki ta koma ta kwanta. A kan gidan nan na gina rabin takardar. Ki ga ikon Allah, Mma da ba ta taɓa shiga aji ba za ta shiga taron masana.

Ina kiran ta duk bayan kwana biyu. Lafiya lau take cewa, sai dai ba ta jan hira, wai kada ta cinye mini lokaci. Maƙwabciyarta Mashudatu, mai kokon nan ta bayan katanga, tana leƙa ta. Me kuma ya rage?

Wani lokacin da hantsi nakan buɗe shafin in zuba wa layin gidanmu ido, ba don aiki ba. Sai in ji kamar ina jin ƙarar ƙofar nan da Baba ya rasu bai sa mata mai ba. Ina kewar ta, wallahi. Da na miƙa takarda zan je in kwana biyu a can.

A gaida kowa da kowa.

Naki,
Abdul-Manan


Asibiti, Tamale
27 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan motarku za ta iso lafiya. A waya na ce miki Mma ba ta jin daɗi ki taho. Sauran ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba, shi ya sa zan damƙa miki wannan a bakin ƙofa. Ki karanta kafin ki shiga.

Jiya bayan sallar Juma'a na je Zogbeli. Kada ki yaba mini, ba gaisuwa ta kai ni ba. Shafin ne ya nuna batirin na'urar famfo ya kusa mutuwa. Na yi sallama a tsakar gida, sai na ji an amsa daga ɗaki da wata murya da ban sani ba. Na tarar da ita kwance a ƙasa kan katifa, ta rame har zoben hannunta yana juyawa.

Ranar biyu ga wata ta zame a gindin famfo, ƙugunta ya karye. Mashudatu ce ta ji ta ta katanga, ta ɗauke ta, ta kira mai ɗori. Tun ranar ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba. Likita ya ce kwanciyar ta buɗe mata gyambo a baya, ƙirjinta kuma ya kamu. Da ya ji tsawon jinkirin, kallona kawai ya yi.

Koren saƙon da muke samu kuwa, hannun Mashudatu ne. Kullum in ta sauke tukunyar koko, kafin ta fita talla, sai ta shigo ta buɗe ƙofa, ta murɗa famfo, ta kunna rediyo. Mma ce ta koya mata, ɗaya bayan ɗaya, yadda na jero mata har sau biyu. Ta kuma sa ta rantse ba za ta gaya mini ba, ba za ta gaya miki ba. Baiwar Allah tana ba ni labari tana kuka, wai sau uku tana ɗaukar waya ta kira ni, rantsuwar ta hana ta.

Na tambayi Mma don me. Babu fushi a muryarta ko kaɗan, kuma da ma ta yi fushin. Cewa ta yi na ɓata shekara biyu ina gina abin nan don in huta da zuwa, ita kuwa ba za ta zama mai lalata aikin ɗanta ba.

Na auna ƙofa, na auna ruwa, na auna rediyo. Ban taɓa kawowa a raina cewa a Zogbeli ba mai gida kaɗai ke buɗe ƙofarsa ba, ni da na tashi ina shiga gida bakwai ba sallama. Kwana ashirin da huɗu, Yaya. Da sau ɗaya na je na durƙusa.

In za ki zage ni ki bari sai mun fita waje. Tana tambayar ki.

Abdul-Manan


Zogbeli, Tamale
22 ga Satumba

Yaya Zuhuratu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun koma lafiya bayan addu'ar arba'in. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Mma, ya kai haske kabarinta, ya haɗa ta da Baba a Aljanna.

Na janye takardar. Na rubuta musu cewa bayanan gida mai lamba ɗaya ba na mai gidan ba ne. Shugaban sashenmu ya ce in cire gidan kawai in tura sauran, na ce masa sai na fara zagaya sha ɗayan da ƙafata tukuna. Ina zuwa yanzu, gida biyu kowace safiya. Tsohon nan na Dabokpa ya riƙe ni awa guda yana ba ni labarin fataucin goro. Ban san me binciken zai zama ba. Wataƙila wani abu ya fito, wataƙila babu.

Na kwaso kayana daga Gbalahi, a ɗakin Mma nake kwana. Mashudatu na aiko mini da koko, amma ta daina shigowa, daga zaure take miƙowa. Gidan shiru ƙwarai.

Sai maganar da kika yi mini shekaranjiya, cewa saƙon bai daina shigo miki ba, in duba ko shafin ya lalace. Bai lalace ba. Ni ne. Ba da gangan na fara ba: na tashi na buɗe ƙofa, na tari ruwan alwala, na kunna rediyon don in ji muryar mutum. Ƙarfe bakwai waya ta yi motsi a aljihuna. Na zauna a bakin famfo na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Kashe shi aikin minti ɗaya ne, ni na gina shi. Kullum sai in ce gobe. In yana tayar miki da ciwo ki gaya mini, yau ɗin nan zan cire lambarki. Amma in za ki iya jurewa, ki bar shi. Ba ni da kowa a gidan nan, Yaya. Ran da kika ga ja, kada ki kira waya, don zan ce miki lafiya lau. Ki hau mota ki zo.

Ki gaida Alhaji da yara.

Ƙaninki,
Abdul-Manan