Matar Koci a Cikin Tasi

Daren Lahadi, Nukkai, 1996

Yau ƙungiyar maigidana ta lallasa 'yan Lau. Da an sha kashi, da aikinsa na koci ya tafi.

A tasi ana ta musu. Wani fasinja ya ce sa'a ce kawai. Direban, wanda makon jiya na ji yana cewa a kori kocin, ya daki sitiyari: "Wace sa'a? Shi fa ya mai da Bulus gaba, ga ƙwallo biyu!"

Da zan sauka na kasa daurewa, na ce, "Mijina ne."

Ya zaro ido. "Madam, gaya masa ni tun farko ina bayansa!"

Na gaya masa kuwa. Rabon da in ji dariyarsa haka tun kafin damina.