Gadar Natoy

Asabar, 8 ga Maris

Mun binne Natoy, kwana biyar da rasuwarsa. Ƙanena, shekara talatin da huɗu, zuciyarsa ta tsaya yana kan babur ɗinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwar Lipa.

Daga maƙabarta Inay, mahaifiyarmu, ta ce kowa ya yi pagpag, wato kada wani ya wuce gida kai tsaye, mamaci zai biyo shi. Jama'a suka tafi cin fate. Ni kuwa ƙafata ta kai ni shagon kwamfutar Mang Celso, wurin da na fi tsana a garin nan. Ya nuna min kujera ta bakwai, ya ce, "Tasa ce, Minda."

Maganata ta ƙarshe da Natoy: "Kai dai ba ka taɓa gama komai ba a rayuwarka." A kan kwano ɗaya da bai wanke ba. Kwano ɗaya!

Talata, 11 ga Maris

Inay ta yi mafarki da shi. Wai wanda ya bar abu rabi ruhinsa ba ya samun tafiya ranar arba'in. Na ce Inay, makaranta ya bari rabi, rufin kicin rabi, wanne zan kama?

Na koma shagon. Tsohon wasan yaƙin nan da yake bugawa, na sojojin yaƙin duniya, na duba inda ya tsaya. Bakin wata gada. Duk inda ya ajiye wasan, shekara da shekaru, bakin gadar nan ne. Ko wasa ma bai iya gamawa ba! Mang Celso ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa ba surutu na zo ji ba. Ni zan tsallake masa ita kafin arba'in.

Alhamis, 13 ga Maris

An kashe ni sau goma sha tara. Natoy bahago ne, ya juya komai, in na ja linzamin kwamfutar sama bindiga ta kalli ƙasa. Mang Celso ya ce bari ya gyara min. Na ce ya taɓa ya gani.

Shekara ashirin ina zura zare a allura ba tabarau, amma na kasa harbin ƙato yana tsaye a gabana.

Lahadi, 23 ga Maris

Akwai wani sajan a wasan, mai gashin baki, bakinsa ba ya hutawa. "Tashi! Sunkuya! Kai kurma ne?" Wannan ɗan masifa, da zan iya da shi na fara harbewa. Na gwada ma, wasan bai yarda ba.

Yau na jefa gurneti ya daki bango ya dawo ƙafata. Mang Celso har da riƙe ciki don dariya. "Minda, abokan gaba sun ce a gode miki."

Laraba, 2 ga Afrilu

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: in na sa abin jin sautin wasan a kunne, Lipa ɓacewa take. Harsashi ya wuce fiu, sai na ga na sunkuya a kujera. Ƙasa na zubo min a ka, wani yana kiran uwarsa can cikin hayaƙi, ni kuma ina riƙe numfashi bayan buhunan yashi. Har ƙaurin wuta na ji, ashe Mang Celso ne ke soya busasshen kifi.

Na shiga da ƙarfe ɗaya, na ɗago kai biyar ta yi. Rigar amaryar Aling Corazon tana nan ba hannu.

Litinin, 7 ga Afrilu

Saura kwana huɗu. Mashingar da ke kan hasumiya, bindigar nan mai ruwan harsashi, ta hana ni sakat. Na daki tebur, yatsana ya kumbura.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na kashe mai mashingar! Gada ta buɗe, ba kowa. Zan taka ke nan, sai Mang Celso ya cire min abin kunne.

"Yau ko ki zage ni sai na faɗa. Natoy ya gama wasan nan tun yana ɗan ashirin. Sau ɗaya. A tsakiyar gadar nan ake harbe sajan, babu yadda za a cece shi. Tun daga ranar bai ƙara hawa ba. In ya zo nan sai ya koma farko."

Na ce to don me?

"Ya ce sajan ɗin yayarsa ce sak. In ya daka masa tsawa, sai ka ji Natoy ya ce, 'To, Ate Minda.' Duk shagon nan sun sani."

Duk shagon sun sani. Ni da na yi wata guda ina neman harbe mutumin.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Arba'in. An yi addu'a, an ci taliya. Inay ta ja ni gefe, "Kin gama masa?" Na ce babu abin da ya bari rabi a can. Ta kalle ni, ta koma wajen baƙi.

Talata, 15 ga Afrilu

Zafi ya yi yawa a gida, shagon kuma akwai fanka, shi ya sa kawai na je.

Na koma farko. Sajan ya fara, "Sunkuya! Kai kurma ne?" Yau na kasa kunne sosai. Tsoro ne a muryarsa, kada a harbe ka. Ban sani ba ko Natoy ya ji hakan. Ina jin ya ji.

Na kai bakin gada ƙarfe huɗu, na ajiye a nan.